Yaƙin kan tebur: Abin da sabon shiga zai tarar a gasar ƙananan rundunonin zamanin da

Runduna biyu sun ja daga, ga mahaya a gefe, ga 'yan baka a kan tudu, amma filin dagar bai wuce faɗin tebur ba, tsawon kowane soja kuma milimita 15 ne kacal. Wannan shi ne wasan yaƙin kan tebur, inda mutum biyu ke gwada basirar jagoranci da ƙananan mutum-mutumin sojoji na darma ko roba waɗanda aka yi wa fenti da hannu.

A Abuja harkar wasannin tebur ta fara kafuwa. Tun shekarar 2016 ake gudanar da taron AB Con na masu wasannin tebur na Afirka, wanda Kenechukwu Ogbuagu ya assasa. Kamfaninsa, NIBCARD Games, ya buɗe gidan wasannin tebur a birnin, ya kuma lashe kyautar Diana Jones ta duniya a 2021. Yaƙin ƙananan sojoji reshe ne na wannan harka, kuma akwai dalilin da zai sa Bahaushe ya kula da shi: tarihinsa na cikin abin da ake bugawa.

Asalin wasan

Tushensa aikin soja ne. A 1824 wani hafsan sojan Furushiya mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar da Kriegsspiel, wasan koyar da hafsoshi dabarun yaƙi a kan taswira. Bayan Furushiya ta ci Faransa da yaƙi a 1871, rundunonin wasu ƙasashe suka kwaikwaye ta. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa Little Wars, littafin da ya fito da wasan daga bariki zuwa gidajen farar hula.

Masu sha'awar yaƙe-yaƙen zamanin da sun kafa ƙungiyarsu, Society of Ancients, a Birtaniya a 1965. A 1990 kuma aka fitar da kundin dokokin De Bellis Antiquitatis, wanda aka fi sani da DBA, da Phil Barker cikin marubutansa. Da shi sababbin shiga da dama ke farawa, domin wasa ɗaya ba ya cika wuce sa'a guda.

Yadda ake buga shi

A DBA kowane ɗan wasa na da rukuni 12, daidai da yawan 'ya'yan da kowane ɓangare ke riƙewa a wasan dara. Rukuni ɗan allo ne mai faɗin milimita 40 da aka manna wa sojoji, galibi biyu zuwa huɗu. Filin dagar kuwa murabba'i ne mai kimanin santimita 60 a kowane gefe, ana jera masa tuddai da daji da kogi.

Bambancinsa da dara shi ne 'ya'yan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Masu takobi da garkuwa sun fi ƙarfi a gaba da gaba. Masu dogon mashi suna da kwarjini a fili, amma da sun shiga daji sahunsu ya lalace. Mahaya marasa sulke ba su da ƙarfin karo, sai dai suna da saurin zagaye abokin gaba.

Idan juyin ɗan wasa ya zo, sai ya jefa ƙwayar ludo mai fuska shida. Lambar da ta fito ita ce yawan umarnin da zai iya bayarwa. Umarni ɗaya na iya motsa rukuni ɗaya, ko kuma sahu guda cur matuƙar rukunonin suna manne da juna. Babu kuɗin da ake zubawa. Aikin ƙwayar shi ne ta tsaya a madadin ƙura da ruɗani da manzon da bai isar da saƙo ba.

Idan rukuni biyu suka yi arangama, kowane ɓangare zai jefa ƙwaya ya haɗa da makin ƙarfin dakarunsa. Wanda ya gaza yakan ja da baya. Wanda aka ninka makinsa, galibi an hallaka shi. Mai fara rasa rukuni huɗu, wato kashi ɗaya cikin uku na rundunarsa, shi ne a bakin shan kaye.

Inda sabon shiga ke tuntuɓe

Kuskuren farko shi ne watsa runduna. Sabon shiga kan tura mahaya hagu, 'yan baka dama, giwa tsakiya, sai ƙwaya ta ba shi umarni ɗaya tak, sauran dakarun su tsaya cirko-cirko har a far musu. Gwani kuwa yakan riƙe sahu, ya tanadi rukuni ɗaya ko biyu a baya domin toshe ɓaraka.

Na biyu shi ne sakaci da gefe. Rukunin da aka kama ta gaba da ta gefe ba shi da wurin ja da baya, don haka ko da maki ɗaya aka fi shi, ya tafi. Da irin wannan dabara ta kewaye Hannibal na Kartaj ya murƙushe Rumawa a Cannae a shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A shekara ta 202 kuma, a Zama da ke Tunisiya ta yau, mahayan Rum da na Numidiya suka faɗo wa Hannibal ɗin ta baya.

Gasa tana ƙara wani nauyi. Ana buga wasanni da dama a rana ɗaya, kowanne da ƙayyadadden lokaci, kuma ana iya haɗa rundunonin da ba su taɓa gamuwa a tarihi ba. Wanda ya zo a karon farko zai fi amfana idan ya ari runduna, ya zaɓi mai sauƙin sarrafawa, ya kuma sa a ransa cewa gwani da faɗuwa yake farawa.

'Yan lifida a kan tebur

Cikin jerin rundunoni sama da 300 na DBA akwai ta Yammacin Sudan, daga shekarar 1000 zuwa 1591, shekarar da sojojin Maroko suka karya Daular Songhai a Tondibi. Jerin ya ƙunshi Mali da Songhai da Borno da ƙasashen Hausa, kuma da sunayen Hausa ake kiran wasu dakarunsa: 'yan lifida, 'yan baka da zagi. Littafin Tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410.

Ke nan akwai 'yan wasa a Turai da ke zama su yi wa baraden Hausa fenti, suna dogaro da abin da suka karanta. Wanda ya tashi yana kallon hawan daushe a Kano ko hawan salla a Katsina da Zariya ya san lifidi da idonsa, ya san inda zagi ke tsayawa. Dokokin wasan ana iya koyonsu cikin 'yan kwanaki. Wannan sanin kuwa, da shi zai zo teburin.