Me Ya Kama Wuyan Kyamarar Mai Wurno?

Kyamarar ba ta wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba. Ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba, ba ta taɓa shan ruwa ba, amma a bazarar 2022 sai ta kwaso cuta huɗu lokaci guda. Bidiyon dare yana fitowa da zane-zane masu gudu a fuskar mutane. Wasu abubuwan da aka ɗauka sukan ƙi buɗuwa. Da tsakar rana takan kashe kanta. Ta huɗun ce ta fi tayar da hankali: kan nata, wanda aikinsa shi ne ya tsaya cak ko da hannu yana rawa, sai ya karkace, ya yi ƙugi, ya kama karkarwa, daga nan ya langaɓe.

Ta ɗan ƙanwata ce, matashi a garin Mai Wurno, kudu da Sinnar a bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Ba don biki ya saye ta ba. Garin nan Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kafa shi, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, bayan Turawan Ingila sun kashe mahaifinsa a Burmi a watan Yulin 1903, shi kuma ya ja ragowar jama'a zuwa gabas. Waɗanda suka taka wannan hanya da ƙafarsu sun daɗe da rasuwa, 'ya'yansu ma kusan sun ƙare. Jikoki suka rage, su ma gemu ya yi fari. Yaron ya ɗauki aniyar bin su zaure zaure, yana naɗar abin da suka ji daga bakin kakanninsu. Duk ranar da kyamara ta ƙi aiki, asara ce da ba lallai a iya mayar da ita ba, shi ya sa na sa kaina a cikin maganar.

Irin wannan kyamara ta yaɗu ne tun da kamfanin DJI ya fito da Osmo Pocket a ƙarshen 2018, mai nauyin giram 116, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu. Sirrinta yana wuya. Ƙananan injina uku ne a wurin: ɗaya yana juya kan dama da hagu, ɗaya sama da ƙasa, na ukun yana hana shi kwantawa gefe. Akwai wata 'yar na'ura da ke jin kowane motsi na hannu, tana ba injinan umarni su yi kishiyarsa nan take. Injinan ba su da giya, ba su da bel. Wayar tagulla ce a naɗe da maganaɗisu mai ƙarfi, da ɗan siririn fili a tsakaninsu.

Kowa ya ce zafi ne. Ni dai abin da na roƙi yaron shi ne mu daina kallon abin a matsayin cuta ɗaya, mu raba su, mu fara da mai sauƙi.

Zanen dare bai ba mu wuya ba. Wutar lantarkin Sudan, kamar ta Najeriya da Nijar, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ƙwan fitila yana haske yana dusashewa sau 100, ido bai gani amma kyamara tana gani. Ita kuwa an bar ta a kan hoto 30 a daƙiƙa, saitin da ya dace da wutar Amurka mai juyi 60. Muka mayar da ita 25, muka sa saurin ƙiftawarta ɗaya bisa 50, zane ya ɓace. Ɗan abin da ya rage sai in an kunna janareta, domin janareta ba ya riƙe juyinsa daidai. A nan fitilar batir ta raba gardama.

Kashe kai da tsakar rana kuwa zafi ne da gaske. Masu ƙera irin waɗannan kyamarori sukan rubuta cewa su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, kuma wanda ya san Sinnar a Afrilu da Mayu ya san rana tana haura 40 ba tare da neman izinin kowa ba. Jiki ƙarami, baƙi, babu fanka a ciki. Inuwa, da rage girman hoto daga 4K zuwa 1080 in hira za ta yi tsawo, da daina caji ana cikin ɗauka, suka wadatar.

Bidiyon da ke ɓacewa ya fi ciwo, domin a ciki har da hirar wani dattijo da ya kawo sunayen zangunan da kakansa ya yada tun daga Barno har Darfur. Yaron ya ce, "Kawu, zafin ne yake ƙona su." Na ce to me ya sa na safe ma suke lalacewa? Muka jera fayilolin bisa lokacin ɗauka, sai wani abu ya fito fili. Duk sanda aka goge katin memori, wanda a can ake kira zakira, aka fara sabuwar ɗauka, na farko-farko lafiya lau suke. Lalacewa tana farawa ne bayan an tara minti ashirin da 'yan kai, ko da rana ko da dare. Zafi bai san agogo haka ba. Muka yi lissafi: a 4K kyamarar tana zuba kusan megabait 750 a minti ɗaya, minti 21 ke nan ya cika gigabait 16. A jikin katin kuwa an rubuta 128. Aka sa shi a kwamfuta aka gwada da manhajar H2testw, wadda ke cika kati dam sannan ta karanta abin da ta zuba, sai ga shi 16 ɗin ce gaskiyarsa. Katin jabu ne, an koya masa ƙarya: yana karɓar kaya yana nuna sunansu, alhali babu inda ya ajiye su. Aka sayo na kirki mai alamar V30, wato wanda ke iya rubuta megabait 30 a daƙiƙa ba tsayawa, aka gwada shi kafin a yarda da shi. Allah ya taimaka dattijon yana nan da ransa, ya sake ba da labarin.

Saura wuya.

Mun so a ce shi ma zafin ne, da mun huta. Amma an kunna ta bayan sallar Asuba, iska da sanyinta, ta yi karkarwarta yadda ta saba. Aka ɗora ta a kan daɓen tayil mai santsi aka sa ta daidaita saitin kanta. Karkacewar ta tafi, ba a jima ba ta dawo. Aka sabunta manhajar cikinta, aka mayar da komai yadda ya fito daga kamfani, shiru. Sai zargi ya koma kan raksha, keken nan mai ƙafa uku, wai girgizar hanya ce ke kwance mata wani abu. Yaron ya koma tafiya a ƙasa, kyamara a hannu a lulluɓe. Ba ta canza ba.

Dabarar da ta tona asirin kati ita muka sake ɗaukowa. Muka bi bidiyon ɗaya bayan ɗaya muna duba inda aka ɗauke shi da yadda hoton ya tsaya. Ranakun zaure, ciwon yana nan yadda yake, bai ƙaru ba. Ranar da ya shiga kasuwar Sinnar, inda ƙura ta fi ko'ina, bai ƙaru ba. Har ranar da guguwar habub ta taso ta rufe gari da jan ƙasa, ɗan kaɗan ne bambancin. Amma duk sanda ya sauka bakin kogi wurin masunta da masu noman gaɓa, washegari sai abin ya ninka. Wannan ya ɗaure mana kai, domin bakin ruwa ne wurin da ya fi ƙarancin ƙura a duk inda yake zuwa. Muka ce ko laima ce. Babu hazo a cikin gilashi, babu tsatsa a bakin caji, kuma a bazara iskar ƙasar nan a bushe take ƙayau.

Muka kai ta wurin wani mai gyaran waya a Sinnar da ake ce wa Usta, mutum mai haƙuri. Bai kunna ta ba ma. A kashe, ya sa ɗan yatsa yana juya kan a hankali, gaɓa bayan gaɓa. Biyu suka tafi sumul. Wadda ta rage, mai juya dama da hagu, tana zuwa wani wuri sai ta yi gurus-gurus. Ya ɗauko 'yar robar hura iska ya hura a tsagar, jar ƙura ta fita. Ya sake juyawa, gurus ɗin yana nan. Sai ya sa ta ƙarƙashin madubin da yake duba ƙananan wayoyi da shi, ya daɗe yana kallo, sannan ya matsa ya ce mu duba.

A bakin tsagar akwai wasu baƙaƙen ƙwayoyi, kuma ba a kwance suke ba. A tsaye suke, ɗaya a kan ɗaya, kamar gemun da ya kwana biyu bai ga aska ba. In an hura su sai su rusuna, iska na wucewa su miƙe.

"Ɗana, wannan ƙarfe ne," in ji shi. "Ƙura ba ta tsayuwa haka sai in maganaɗisu ya riƙe ta. Ka shiga da ita wurin masu walda, ko maƙera?"

"Wallahi Usta, ko kusa."

Nan jikinmu ya yi sanyi, domin in ba daga waje ƙarfen ya zo ba, to injin ne yake cin kansa, kuma wannan ba ya gyaruwa a teburin kasuwa. Amma Usta ya girgiza kai. Garin ƙarfen da ya goge daga inji fari-fari ne mai walƙiya, in ji shi, wannan kuwa baƙi ne wuluk, ƙwaya-ƙwaya.

Da ɗan gari akan ci gari. Wani tsohon masunci da yaron ke yawan hira da shi ne ya warware mana, kuma bai ɗauki abin a bakin komai ba. Da ya ji ana maganar baƙin gari mai bin maganaɗisu, sai ya ce, "Ai yashin nan ne. Ba ka ga yara suna jan ƙarfen tsohuwar lasifika a gaɓa ba? Je ka gwada." Yaron ya ce, "Baba, yashi kuma ya bi ƙarfe?" Ya ce, "Baƙin, ba farin ba."

Muka samo maganaɗisun lasifika muka sa shi a leda. A ƙurar tsakar gida ya ɗauko ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A bakin kogi, inda ruwa ya ja baya ya bar wasu baƙaƙen layuka a kan yashi, ja ɗaya muka yi ledar ta fito baƙa ƙirin, gari ya tsaya mata cirko-cirko daidai yadda muka gani a madubin Usta.

Dalilin yana can sama, a ƙasar Habasha. Shuɗin Nilu daga tafkin Tana yake fitowa, ya ratsa tsaunukan da asalinsu dutsen aman wuta ne, baƙi, mai ɗauke da ma'adinin ƙarfe. Kowace damina, daga Yuli zuwa Satumba, ruwa yana nika wannan dutse yana gangarowa da shi. Lakar da ta yi baƙar ƙasar Jazira, wadda aka gina madatsar Sinnar a 1925 don a shayar da audugarta, daga can ta zo, kuma ita ce ta yi ta cike bayan madatsar shekara da shekaru. Ƙwayoyin da ke da ƙarfe sun fi sauran nauyi, don haka ruwa yana tace su ya tara su wuri guda a gaɓa. Mai Wurno tana sama da madatsar, kuma a bazara ne ruwan ke ja baya ya buɗe wannan gaɓa. A kanta yaron ke zama, ya shimfiɗa rawani ya ajiye kyamara in zai gaisa ko zai sha shayi. Ƙurar gari takan shiga ta fita. Wannan kuwa in ta kusanci injin, maganaɗisun cikinsa ne da kansa yake janyo ta, ya riƙe. Tana taruwa a ɗan filin nan, injin yana ƙara ƙarfi don ya wuce ta, na'urar jin motsi tana ganin kan bai isa inda aka aike shi ba tana ƙara umarni, shi ne karkarwar. In nauyin ya yi yawa sai kyamara ta yanke wa injin wuta don kada ya ƙone, shi ne langaɓewar.

Fitar da ita aikin haƙuri ne, kuma hanyoyin da suka fi saurin zuwa zuciya duk ɓarna ne. Mai zai haɗa garin ya zama kwaɓi. Iskar mai faci za ta tura shi can ciki. Hurawa da baki tana kai danshi, allura kuma tana iya yanke wayar tagulla. Usta ya yanka salatif siriri, yana zura bakinsa a tsagar, yana juya kan a hankali, yana zarowa da baƙin gari a manne, ya jefar ya yanko wani. Inda salatif bai kai ba ya bi da tsinken sakace da burushi mai laushi. Da tsinken ya daina fitowa da baƙi, aka sake daidaita saiti a kan tebur, kan ya tsaya cak.

Yaron ya sayi 'yar ƙafa mai uku, ya daina ajiye kyamara a ƙasa ko a kan mayafi. Sai ga gurus ɗin ya fara dawowa, a makon da ko kogin bai leƙa ba.

Wannan karon mun san abin da muke nema, tambayar kawai ita ce ina ya ɓuya. Muka ɗauki maganaɗisun nan a ledarsa muka bi duk abin da ke taɓa kyamarar: aljihun jallabiya, jakar goyo, rawani. Kaɗan-kaɗan. Da muka juya 'yar jakar ƙyallen da yake zura ta a ciki, muka bi ɗinkin gindinta, leda ta yi baƙi. Jakar ta sha zama a gaɓa tun farkon bazara, yashin ya shige cikin saƙar, kuma kullum dare kan kyamarar a cikinsa yake kwana.

Aka jefar da jakar, aka samo akwatin roba mai murfi da ake iya wankewa, aka koma wurin Usta ya sake bi da salatif. Yaron ya ɗauki al'adar wanke hannu ya bushe kafin ya taɓa ta in ya taso daga gaɓa, da juya kan da yatsa a kashe kowane dare don ya ji ko akwai abin da ya shiga. Ɗan kaushi ya rage a ƙarshen juyin hagu, inda yashin ya riga ya karce, don haka in zai bi mai magana ta wannan gefen sai ya juya da jikinsa maimakon ya bar wa injin.