Sayen sunan wani a intanet: yaushe ya halatta, yaushe ake ƙwace shi?

Jama'a masu saurarenmu na Safo da kewaye, da ƴan'uwa da ke bin wannan shafi daga Kano, Abijan, Libiya ko Amurka, yau za mu duba wata tambaya da ke yawo a bakin matasa masu latse-latsen waya. Wai gaskiya ne mutum zai iya sayen sunan babban kamfani ko na wani shahararre a intanet, ya ajiye, ranar da mai sunan ya buƙata ya sayar masa da tsada? Amsar a taƙaice: saye dai za ka iya, babu mai tare ka a ƙofa. Riƙewar ce magana.

Kowane shafi a intanet yana da adireshi, wato sunan nan da ake rubutawa mai ƙarewa da .com ko .org, ko .ne na Nijar, ko .ng na Najeriya. Ba a mallakar sunan har abada. Haya ce ta shekara-shekara, tamkar rumfa a babbar kasuwar Maraɗi: wanda ya riga zuwa shi ake ba, in ya daina biya a ba wani. Kuɗin .com bai cika wuce jikka goma a shekara ba. Kamfanin da ke ba da hayar kuma ba ya tambayarka takarda ko ɗaya da ke nuna sunan naka ne. Nan ne wasu suka hango kasuwa tun shekarun 1990, suka riƙa kwashe sunayen manyan kamfanoni suna jiran a zo a roƙe su.

Da abin ya yi yawa, hukumar ICANN da ke kula da tsarin sunayen intanet ta kafa ƙa'ida a 1999. Duk wanda ya yi rajistar suna mai .com, .net ko .org ya amince da ita, ko ya karanta ko bai karanta ba, don tana cikin sharuɗɗan nan da muke latsa "na yarda" ba tare da dubawa ba. Mai ƙorafi ba sai ya je kotu ba. Yana iya kai ƙara cibiyar sasanci, kuma wadda aka fi sani ita ce ta OMPI a Janeba, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kare haƙƙin fasaha. Sai ya tabbatar da abu uku, dukansu tare: cewa sunan daidai yake da tambarin kasuwancinsa ko ya yi kama da shi har ya rikita mutane, cewa wanda ya riƙe sunan ba shi da wani haƙƙi a kansa, sannan cewa da mugun nufi ya yi rajistar kuma da mugun nufi yake amfani da shi. Ɗaya ya faɗi, ƙara ta faɗi. Shigar da ƙarar a OMPI na farawa daga dala 1,500. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Jikka ɗari takwas ne da wani abu. Galibi cikin wata biyu ake yanke hukunci.

Mene ne mugun nufi? Babba a ciki shi ne ainihin dabarar da matasan namu ke tambaya, wato ka sayi suna don kawai ka sayar wa mai shi da riba. In ka yi rajistar sunan Dangote ko Airtel, ka aika musu saƙo cewa su kawo miliyan biyar, wannan saƙon naka shi ne shaidar da za a kayar da kai da ita. Haka wanda ya canza harafi ɗaya a sunan kamfanin aika kuɗi don masu kuskuren rubutu su faɗo hannunsa. Wannan ma ya wuce rigimar suna, ya zama damfara, aikin jandarma da alƙali ne. Ƴan'uwa masu turo kuɗi gida, ku riƙa duba adireshin harafi bayan harafi kafin ku sa lambar sirri.

Mawaƙiyar Amurka Madonna ta kai irin wannan ƙara a 2000. Wani ɗan kasuwa, Dan Parisi, ya sayi madonna.com a kan dala 20,000, ya cika shi da hotunan batsa. Don ya kare kansa har ya je Tunusiya ya yi rajistar kalmar a matsayin tambari, amma masu hukunci suka ce dabara ce kawai, suka miƙa wa mawaƙiyar sunan. A shekarar dai, mawaƙin Ingila da ake kira Sting ya kai tasa ƙarar, ya faɗi. Dalili kuwa, kalmar "sting" kalma ce ta yau da kullum a Ingilishi, harbin kunama ko na zuma, kuma bai iya nuna mugun nufin wanda ya riga shi ba. Ku kwatanta da namu: shago nawa ne a Maraɗi mai suna Alheri ko Nasara? Babu wanda zai ce kalmar tasa ce shi kaɗai.

Labarin da ya fi burge mu shi ne na Uzi Nissan. Ɗan Isra'ila ne mazaunin Amurka, mai sana'ar kwamfuta, kuma Nissan sunan gidansu ne. Ya yi rajistar nissan.com a 1994. Kamfanin motoci na Japan ya maka shi kotu a 1999, aka shafe shekaru ana shari'a, mutumin ya kashe dukiya mai yawa, amma sunan bai bar hannunsa ba har ya rasu a 2020. Ke nan girman kamfani kaɗai ba ya ƙwace suna. In sunanka ne na yanka, ko na sana'ar da ka daɗe kana yi da gaskiya, kana da abin faɗa.

Cibiyar sasanci ba ta cin tara, iyakarta ta soke sunan ko ta miƙa shi. Amma ƴan'uwanmu na Amurka su sani, can akwai doka ta daban tun 1999 wadda ke ba kotu damar cin mutum har dala 100,000 a kan suna guda.

To, mu dawo gida, don abin da ya fi damunmu ba Madonna ba ce. Ƙa'idar nan tambarin kasuwanci take karewa. Sunan gari da sunan kayan gargajiya fa? Nan kariyar ta yi rauni ƙwarai. Hukumar birnin Basalona na ƙasar Sifen ta ci ƙara a OMPI a 2000 kan barcelona.com, amma a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta rushe nasarar, ta ce sunan wuri ba tambarin kowa ba ne. A 2011 ƙungiyar masu yin giyar Champagne ta Faransa, da duk kuɗinta da lauyoyinta, ta nemi champagne.co ta rasa, don takardar da ke hannunta ta asalin yanki ce, ba ta tambari ba. In haka ta faru da su, wanda ya riga mu rajistar sunan Safo, Madarumfa ko kilishi a .com, da wuya a raba shi da shi.

Kuma mu a Nijar mun san ɗacin a ɗauki sunan abinka. Kamfanin iri na Senegal, Tropicasem, ya taɓa neman takardar mallakar irin albasa da sunan Violet de Galmi, albasar da manoman jihar Tawa suka gada kaka da kakanni. Sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye wajen 2009 kafin kamfanin ya saki sunan, ya koma kiran nasa irin Violet de Damani. Wannan rigimar iri ce, ba ta intanet ba, amma ta faru ne a gaban hukumar da ya kamata kowane ɗan kasuwarmu ya sani, wato OAPI. Hedkwatarta na Yawunde a Kamaru, yarjejeniyar Bangi ta 1977 ce tushenta, ƙasashe 17 ne a ciki har da Nijar. Rajistar tambari guda a can tana aiki a dukan ƙasashen, shekara goma, ana sabuntawa. A 2021 OAPI ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar asalin yanki. Abin alfahari ne, sai dai kamar yadda muka gani da Champagne, irin wannan takarda ba lalle ta ƙwato maka adireshi a .com ba.

Wani abu da masu fatauci ta Ɗan Isa da Jibiya ya kamata su riƙe: Najeriya ba ta cikin OAPI. Tambarin da ka yi wa rajista a nan bai kare ka a Katsina ko Kano ba, sai ka yi wata rajistar a Abuja. Sunayen .ng ma suna da hukumarsu, NiRA, mai nata dokokin sasanci.

A ganinmu, haɗarin da ya fi kusa da ƙungiyoyinmu ba baƙo ba ne, sakaci ne na cikin gida. A ce ƙungiyar mata masu man gujiya ko garin zogale ta roƙi wani ɗa da ke waje ya buɗe mata shafi. Ya buɗe da zuciya ɗaya, amma da sunansa, da imel ɗinsa, da katin bankinsa. Bayan shekara uku ya canza waya, ko ya manta biyan haya, ko aka ɗan saɓa. Sunan ya koma kasuwa, kuma akwai masu na'urorin da aikinsu ke nan dare da rana, cafke sunayen da wa'adinsu ya ƙare. Alhali an riga an buga adireshin a jikin leda da kwalabe. Ƙungiyar da ba ta da rajistar tambari, ba ta kuma da jikka ɗari takwas na ƙara, ina za ta nufa?

Saboda haka in za a buɗe, a rubuta sunan ƙungiyar a gurbin mai mallaka, ba na wanda ya taimaka ba. Shugaba da ma'aji su san imel ɗin da lambar sirrin. Ana iya biyan hayar .com ta shekaru da yawa a lokaci guda, har goma, kuma ɗan'uwan da ke son taimaka wa gida da wani abu mai ɗorewa zai iya ɗaukar wannan. A ajiye rasit, da tsofaffin ledoji masu ɗauke da sunan, da takardar amincewar ƙungiya daga magajin gari, don su ne shaidar cewa kun riga kowa amfani da sunan. In sana'ar ta fara tsallaka iyaka, a tuntuɓi ofishin ƴan kasuwa na Maraɗi ko ma'aikatar masana'antu a Yamai kan yadda ake rajistar tambari a OAPI.

Wanda ke da tambaya kan wannan batu, ko sarkin kasuwa ne ko shugabar ƙungiya, ya aiko mana da saƙon murya ko ya biyo ta gidan rediyo, za mu karanta a shirinmu na gaba.