Harsashin da aka harba sama ba ya narkewa

A duk Hawan Magajiya ko Sallar Gani a Daura, 'yan bindigar fada sukan cika gari da ƙara da hayaƙi, yara na ihu, mata na guɗa, kowa ya koma gida lafiya. Dalili kuwa shi ne adakar da ke hannunsu albarushi zalla ake ɗura mata. To amma wannan al'ada ta haifar da wata ɗabi'a da ta ishi jama'a: ranar ɗaurin aure, ko taron siyasa, ko tarbar babban baƙo, sai mai riƙe da bindigar soja ya ɗaga bakinta sama ya yi ta saki, wai shi ma yana taya murna. In an yi magana a ce ai sama aka harba.

Bindigogin da ake wannan wasa da su ba dangin adaka ba ne. AK-47, wadda Mikhail Kalashnikov ya ƙera kuma sojojin Tarayyar Sobiyet suka karɓa a 1949, tana cin harsashi mai kaurin milimita 7.62 da nauyin kusan giram 8, wanda ke barin bakinta da gudun fiye da mita 700 a daƙiƙa ɗaya. M16 ta Amurka ta zaɓi siriri, mai milimita 5.56 da rabin wancan nauyi, domin soja ya iya ɗaukar da yawa kuma bindigar ta rage dukan kafaɗa, amma gudunsa ya haura mita 900. G3 ta Jamus, wadda sojojin Najeriya suka daɗe suna riƙewa, harsashinta ya fi duka biyun nauyi da cin zango. Masana na iya kwana suna gardamar wadda ta fi. Ga wanda ke kwance a tsakar gida lokacin bazara, duk ɗaya ne.

Wasu sun yarda cewa harsashi na narkewa a sama, wasu kuma cewa yana faɗowa kamar tsakuwa. Abin mamaki, har da masu ilimi. Tun wajen 1920 wani hafsan sojan Amurka, Julian Hatcher, ya gwada harba harsasai tsaye cak, ya gano suna dawowa da gudun kusan mita 90 a daƙiƙa, alhali mita 60 ma ta isa ta huda fatar mutum. Kuma wannan shi ne mafi sauƙi! Babu mai murnar da ke iya tsayar da bindiga cak. A karkace take fita. Harsashin da ya tafi a karkace ba ya wuntsilawa, yana riƙe da tsininsa a gaba da ragowar ƙarfinsa, ya yi tafiyar fiye da kilomita 2 kafin ya sauka. Wanda ya harba a wata unguwa yake, wanda harsashin ya samu a wata, ba su ma san juna ba. Tunda daga sama yake zuwa, kai da kafaɗa ya fi samu, kwanon rufi kuwa ba ya tare shi.



Mai biki shi ne na farko da ya kamata ya hana. Tun wajen gayyata ya faɗa wa duk mai zuwa da 'yan rakiya cewa ba a harbi a ƙofar gidansa, ko da ran babban baƙo zai ɓaci. Masu unguwanni da dagatai su ja kunne kafin biki, limamai su saka a huɗuba. In an ji harbi, kada a fito kallo. A kwashe yara a shiga ɗaki mai rufin kankare ko soro mai kauri, a kuma dakata ko da ƙarar ta tsaya, domin harsashin da ya hau sama kan ɗauki kusan minti guda bai sauko ba. Wanda ya faɗi haka kawai jini na zuba a kansa, kada a tsaya shafa masa magani ana cewa jifa ne ko iska; a danne wurin da tsabtataccen ƙyalle a garzaya da shi asibiti, sannan a kai rahoto ofishin 'yan sanda. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya bindigogin soja cikin waɗanda aka haramta wa farar hula sai da lasisin Shugaban Ƙasa, jami'in da aka damƙa wa ita kuwa kowane harsashi a ƙirge aka ba shi, kuma ana iya tambayarsa inda ya kai shi.