Masu Farautar Haske a Duwatsun Yosemiti

A watan Afrilun 1927 wani saurayi ɗan shekara 25, Ansel Adams, ya kama hawan dutse a kwarin Yosemiti da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Ya goya ƙatuwar kyamara da sandunanta masu ƙafa uku, ga fallayen gilashi 12 da yake ɗaukar hoto a kansu. Dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Kafin rana ta haska fuskar dutsen da ya zo dominsa, wato Half Dome, gilashi biyu kacal suka rage masa. Ya ɗauki na farko da matacin haske ruwan ɗorawa, yadda aka saba. Hankalinsa bai kwanta ba, don ya san sama za ta fito fari-fari, dutsen kuma ya rasa kwarjininsa. Sai ya sa jan mataci ya ɗauki na ƙarshe. Sama ta fito kusan baƙa, dutsen ya tsaya ƙiƙam kamar zai rufto wa mai kallo. Wannan hoton na cikin waɗanda suka fara fito da sunansa.

Bazarar can ba irin tamu ba ce mai zafin gasa ƙeya. Daga Maris zuwa Mayu sanyi da ɗumi ne ke kokawa a kan duwatsu. Da safe rana ta fito tangaram, kafin azahar hadari ya haɗo, ƙanƙara ta zubo, can kuma gari ya washe kamar ba a yi ba. Ƙanƙarar da ke narkewa ita ke cika magangarar ruwan Yosemiti, mai tsawon mita 739, wadda kan tumbatsa a watan Mayu, ta kuma ƙafe yawancin shekaru idan rani ya yi nisa.

Wannan rikicin yanayin shi ne jarin masu sana'ar ɗaukar hoto. Ranar da sama ta yi garau ba gajimare ko ɗaya, 'yan yawon buɗe ido ne ke murna. Mai hoto na gaske sai ya ɗaure fuska. Abin da yake nema shi ne 'yan mintocin da hadari ke watsewa, lokacin da rana ta sami kafa ta leƙo, ta haska tsauni ɗaya ta bar saura cikin duhu, hazo na tasowa daga kwari. Yakan kafa kyamara tun asuba ya zauna sa'o'i cikin yayyafi, ido na kan gajimare, kamar manomin da ke jiran ruwan shuka. A ganina nan ne gwaninta take. Kyamara mai tsada kowa na iya saya, amma gane cewa iska ta juya kuma sama za ta buɗe ta yamma, sai wanda ya sha sanyin wurin shekara da shekaru.

Dubi hannunsa yana aiki. Yatsu sun ƙage, duk da haka sai ya cire safar hannu kafin ya iya murza maɓalli. Batir na cikin aljihun ƙirji yana shan ɗumin jiki, domin sanyi na shanye caji. Ƙyalle na hannun hagu, yana goge ɗigon ruwa daga idon kyamara bayan kowane ɗauka. Fari kuma na yaudarar na'ura: idan dusar ƙanƙara ta cika wuri, kyamara kan rage haske har farin ya koma ruwan toka, dole mai ita ya ƙara da kansa. Idan ya sauko, ba ya shiga ɗaki mai ɗumi da kyamara tsirara. Yakan ƙulle ta cikin leda tun daga waje har ta ɗauki ɗumin ɗakin a hankali, in ba haka ba ta yi gumi ciki da bai.

Wani lokaci jiran kan koma gudu. A 1981 Galen Rowell, wanda shi ma ya yi suna a duwatsun Kalifoniya, yana birnin Lasa na Tibet sai ya hangi bakan gizo. Ya kwasa a guje a wannan tudu mai ƙarancin iska, har ya kai inda bakan ya sauka daidai kan fadar Potala.

Abinci kuwa ba ya zuwa da sauƙi. Tun da hotuna suka cika intanet, da yawa cikin masu wannan sana'a sun dogara ne ga sayar da manyan bugu, da kalanda, da jagorantar ɗalibai zuwa dutse. Ga haɗarin tsawa a kan tsauni, ga ƙanƙarar da kan zaftaro idan rana ta yi ɗumi. Sau da yawa mutum kan yi kwana uku a sama ya sauko ba hoton kirki ko ɗaya, ya shanya takalmansa, ya sake duba hasashen yanayin gobe.