Ko Tsadar Katifa Tana Ƙara Daɗin Barci?

Akwai wata magana da ta ke yawo a bakin ma'aikata, musamman malaman makaranta da akawuna, wai mutum ba ya samun barci mai daɗi sai ya kwanta bisa katifa mai tsada. Har ta kai wani ya kan ci bashin da zai yi wata da watanni yana biya, don dai ya shimfiɗa irin wadda ya gani a ɗakin abokinsa. Uban yarinya kuwa, in lokacin kayan ɗaki ya zo, ba abin da ke damunsa kamar katifar da zai saya wa 'yarsa, gudun kada dangin miji su raina. To, da ya ke kuɗin gumi ne a ke zubawa, ya kamata mu tsaya mu duba ko biyan bukata na zuwa.

Da fari dai mu ba mai tsada hakkinta. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ga katifar soso kuwa maganar nan haka ta ke. Abin da ke sa soso ya daɗe shi ne nauyinsa, watau yawan kayan da aka zuba wajen haɗa shi. Soso marar nauyi iska ce ta fi yawa a cikinsa, shi ya sa ya ke da araha, shi ya sa kuma ba ya jimawa sai ya lotsa a tsakiya, daidai inda ƙugu ke sauka. Mu da aikinmu ya haɗa da zagaya ɗakunan kwanan ɗalibai mun sha ganin haka. Katifar da aka sayo don araharta, kafin ɗalibi ya gama karatu ta koma kamar tabarma, yana jin katakon gado a haƙarƙarinsa. Wanda ya ƙara kuɗi ya tsere wa irin wannan bai yi asara ba. Amma a lura, nauyi dabam, tauri dabam. Ana samun soso mai nauyi mai taushi, ana samun marar nauyi mai tauri kamar allo. Wasu masu ha'inci ma su kan cuɗa garin alli a ciki don ya yi nauyi a hannun mai saye.

To, in an wuce wannan matsayi fa, ƙarin kuɗi yana ƙara barci? Nan sai mu koma ga abin da likitoci suka gwada.

A shekarar 2003 mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet ta buga wani gwaji da Likita Francisco Kovacs da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Sifen. Sun tara mutum 313 masu fama da daɗaɗɗen ciwon baya, suka raba musu sababbin katifu ta hanyar ƙuri'a, wasu mai tauri ƙwarai, wasu mai matsakaicin tauri, ba tare da an gaya wa kowa irin wadda ya samu ba. Bayan kwana 90 sai aka ga waɗanda suka kwanta bisa matsakaiciya sun fi samun sauƙin ciwo, ko suna kwance ko lokacin tashi. Wannan ya raunana tsohuwar maganar nan cewa mai ciwon baya sai shimfiɗa mai tauri kamar dutse. Dalilin a fili ya ke. Ƙashin baya yana son ya kwanta a miƙe kamar yadda Allah ya halicce shi. In shimfiɗa ta cika tauri, kafaɗa da ƙugu su ke ɗaukar nauyin jiki duka, mutum ya yi ta juyi har asuba. In ta cika taushi sai ƙugu ya nutse, baya ya lanƙwashe. Wadda ta yi wa ƙato mai jiki daidai kuwa ba lalle ta yi wa siriri ba. Abin lura shi ne, tauri aka auna a gwajin nan, ba kuɗi ba, matsakaicin tauri kuwa ana samunsa a mai tsada, ana samunsa a mai sauƙin kuɗi.

Masu sayar da katifa sun fi son ambaton wani gwaji dabam, wanda aka yi a wata jami'a ta jihar Oklahoma a Amurka, aka buga a shekarar 2009. Mutum 59 suka yi kwana 28 suna rubuta yadda barcinsu ya ke bisa tsofaffin katifunsu, waɗanda galibi sun kusa shekara 10, sa'an nan aka ba su sababbi masu matsakaicin tauri. Suka ce barci ya ƙara daɗi, ciwon baya ya ragu. Madalla. Amma kowa cikinsu ya san sabuwa aka ba shi, wane ne kuwa za a ba sabon abu ya ce bai ji daɗi ba? Iyakar abin da za mu ɗauka daga nan shi ne katifar da ta tsufa ta lotsa ta cancanci a sake ta.

Zuciya ma tana da nata aikin. A shekarar 2008 wasu masana a Amurka suka ba mutum 82 wata ƙwaya wadda ba magani a cikinta ko kaɗan, suka ce musu maganin zafin ciwo ce. Aka gaya wa rabinsu kuɗin ƙwaya ɗaya dala biyu da rabi ne, sauran aka ce musu an karya farashi ta koma santi 10. Da aka ɗan ja su da lantarki don a gwada, kashi 85 cikin 100 na masu "mai tsada" suka ce zafi ya ragu, na masu "mai araha" kuwa kashi 61 kaɗai. Sabo da haka in abokinka ya rantse maka tun da ya sayi katifar nan mai tsada bai taɓa barci irin na yanzu ba, ba ƙarya ya ke yi ba, amma wani kaso na daɗin daga aljihunsa ya fito, ba daga soso ba.

Ga kuma mutanen da ba su san katifar kanti ba sam. A shekarar 2015 Farfesa Jerome Siegel na wata jami'a a Kalifoniya ya buga abin da suka gano game da barcin ƙabilu uku masu zaman daji, watau Hadza na Tanzaniya, da San na Namibiya, da Tsimane na Bolibiya. Barcinsu awa 6 ne zuwa 7 galibi, rashin barci kuwa bai cika damunsu ba, har biyu daga cikin ƙabilun ba su da sunansa a harshensu. Ba mu ce kowa ya jefar da katifa ya koma buzu ba, gama wanda ya wuni bisa kujera a ofis ba ɗaya ya ke da wanda ya wuni yana tafiya a daji ba. Amma kakanninmu da suka kwana bisa tabarma da gadon kara da katifar audugar rimi, ba a ce sun kwana ido biyu ba.

Wani abin da gwajin nan ya nuna ya shafe mu ƙwarai. Mutanen su kan yi barci ne sa'ad da iska ta fara sanyi, su farka wajen lokacin da sanyin dare ya kai matuƙa. Jikin ɗan Adam sai zafinsa ya ɗan sauka kafin barci ya yi nauyi. To, cikin katifu masu tsada akwai irin soson nan mai riƙe sawun jiki, wanda aka fara ƙirƙira a shekarar 1966 domin kujerun jiragen sama, bisa bukatar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Ɗumin jiki ke sa shi taushi, ya rungume mai kwanciya, ya riƙe zafi. A ƙasashen sanyi wannan ni'ima ce. Amma a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, sa'ad da zafin rana ke wuce digiri 40, ga ba wutar lantarki, mai ita da kansa zai bar ta a ɗaki ya ɗauki tabarma ya nufi tsakar gida.

Kada kuma a ɗora wa katifa laifin da ba nata ba. Sauro ba ruwansa da farashi, haka ma kuɗin cizo. Goro da shayi mai kauri da a ke sha da dare suna ɗauke da sinadari mai kore barci, wanda ya kan yi wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Gidan sauro guda ya fi wata katifar amfani ga mai neman barci, kuɗinsa kuwa bai taka kara ya karya ba. Tunanin bashi ma, kowa ya san abin da ya ke yi wa mutum da tsakar dare.

Shawararmu ga mai niyyar saye, ko don kansa ko don ɗakin 'yarsa, ya bar ta can ƙasa ya bar ta can sama, ya nemi ta tsakiya daga kamfanin da aka sani. Ya tambayi nauyin soson, kada ya tsaya ga kauri da adon yadin da aka rufe ta da shi. Kada ya ji kunyar kwantawa a kanta a kanti, ta gefen da ya saba kwanciya, ya ɗan jima, domin latsawa da hannu ba ta nuna kome. In ya kai gida ya riƙa juya ta lokaci lokaci, yana shanya ta. Ya kuma duba gadon kansa, gama in katakon tsakiya ya karye ko wayar ta saki, ko wacce aka ɗora a kai sai ta lotsa.