Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka kai firam ɗin tsohon babur wurin mai walda

A Tsafe da Gusau da Bunguɗu babur ba ya mutuwa da wuri. Inji ya gaji a sauke shi a ɗora wani, tanki ya huje a liƙe, taya ta cinye a nemo ta hannu. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne ƙarfen da ya riƙe waɗannan duka, wato firam, sai ranar da mai babur ya ji kan yana jan sa gefe guda, ko ya hangi tsatsa ta ja siririn layi a ƙarƙashin tanki. Daga nan sai wurin mai walda. Wani ɗinki yake so, wani ƙarin ƙarfe don ɗaukar kaya, wani kuma, mai tsohuwar Honda ko Besfa ta gado, so yake a sake gina masa rabin firam ɗin. Duk suna yiwuwa. Sai dai firam ɗin da aka haɗa a karkace ya fi tsagagge haɗari, domin tsagewa ido na ganinta, karkata kuwa sai an hau kwalta da gudu take bayyana.

Ba duk firam ne iri ɗaya ba

Yawancin tsofaffin baburan da suka rage a hannun jama'a sun fara shigowa ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin ƙarin albashin Udoji suka faɗo aljihun ma'aikata, malamin makaranta da malamin gona da akawu kowa ya hau Honda ko Yamaha ko Suzuki. A 1979 kamfanin Honda ya kafa masana'antarsa a Ota ta jihar Ogun. Daga baya Jincheng ta ƙasar Sin ta cika titi, sannan Bajaj Boxer ta Indiya ta zama abin hawan ɗan kabu-kabu. Da Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, babura masu yawa sun watsu zuwa ƙauyuka da jihohin maƙwabta.

Ƙirarsu kashi uku ce. Akwai ta bututu, irin ta Honda CG125 da ta fito a 1975, wadda aka tsara musamman don ƙasashen da ba a cika kula da juyen baƙin mai ba. A wannan ƙira babu bututun da ya ratsa ƙarƙashin inji. Injin da kansa ne ya cike gurbin. Ke nan notin inji in ya kwance, ba ƙara kawai zai yi ba, firam ɗin ne ya rasa wani sashe nasa. Akwai ta fallen ƙarfe da aka matsa a injin masana'anta aka haɗa ɓari biyu, irin ta Super Cub ta 1958, kakar roba-roban da ke kan titi yau, wadda adadin da aka ƙera ya haura miliyan 100 a 2017. Ita daga ciki take ruɓewa, fenti na sheƙi a waje. Ta uku ita ce Besfa, da kamfanin Piaggio na Italiya ya fitar a 1946: jikinta shi ne firam ɗinta. Wanda ya yanke mata ruɓaɓɓen wurin taka ƙafa ya liƙa kwanon rufi, ba ado ya taɓa ba, ƙashin bayanta ya taɓa.

Me ke tsaga shi?

Kaya da hanya. Babur ɗin da aka yi don mutum biyu shi ne ke fitowa daga Ɗanjibga ko Keta ko Bilbis da buhun masara mai kilo 100, wani lokaci biyu, ga direba a kan tanki. Don kayan su zauna sai a tsawaita kariya ta zarce tayar baya. Duk nauyin da ya wuce saitin tsakiyar tayar baya ɗaga gaban babur yake yi, tayar gaba ta rage kama ƙasa, burkin gaba da juya kai su yi rauni. Sai a ƙara shokozoba, biyu su koma huɗu. Babur ya daina durƙusawa, gaskiya ne, amma bugun da shokozoba ta daina shanyewa bai ɓace ba, firam yake komawa. Shi ya sa tsagewar take fitowa a wurare sanannu: inda shokozoba ta kama a ƙarƙashin kujera, kunnuwan da suka riƙe inji, da gindin wuya.

Awo kafin wuta

Nan ne ake bambanta mai walda da mai gyaran firam. Wuyan babur, wato guntun bututun da kai yake juyawa a cikinsa, ba a miƙe tsaye yake ba; a yawancin baburan titi ya kwanta baya da digiri 25 zuwa 28. Idan ka ja layi ta tsakiyarsa har ƙasa, layin zai sauka gaban inda tayar gaba ta taka, da tazarar santimita 7 zuwa 10. Wannan 'yar tazara ita ce ke sa kan babur ya miƙe da kansa bayan kwana, ita ce kuma ke sa yaro ya saki hannu yana tafiya. In ta ragu, kai ya yi sauƙi fiye da kima, ya riƙa kaɗawa a kan gudu. In ta ƙaru, kwana ya zama kokawa. Karo ɗaya da rami ko dutse ya isa ya tura wuya ciki ba tare da ido ya lura ba.

Gwajin farko ba ya buƙatar komai sai igiya siririya. A tsayar da babur a miƙe a kan daɓe, a tabbatar an ja sarƙa daidai ta ɓangarorin biyu, sannan a zagaya igiyar ta bayan tayar baya, a miƙo bakinta biyu zuwa gaba, kowanne yana shafar gefen tayar a wuri biyu. Sai a tsuguna a duba ratar da ke tsakanin igiya da tayar gaba. Dama da hagu dole su zo ɗaya. In hagu ta ɗauki yatsa biyu dama ta ɗauki ɗaya, tayoyin ba sawu ɗaya suke bi ba. Bayan haka a rataya noti a zare, a saki kusa da kowace taya, a ga ko duka biyun a tsaye suke. In ta baya na tsaye ta gaba ta jingina, firam ya murɗe.

Mai son gina sabon sashe kuma sai ya yi magirki tukuna: ƙaton ƙarfe miƙaƙƙe da ba ya lanƙwasa, da sanda a gaba da za ta riƙe wuya a kusurwarsa, da wata a baya da za ta riƙe inda ƙafar baya take lilo. Dalili shi ne walda tana jan ƙarfe idan tana hucewa. Wanda ya kwantar da firam a ƙasa ya zuba wa gefe ɗaya wuta har ƙarshe, kafin ya juyo ɗayan gefen aikin ya riga ya karkace. Gwani ɗigo-ɗigo yake fara yi, ya sake awo, sannan ya riƙa bin dama da hagu bi da bi. Idan ka kai aiki ka ga an jawo waya za a kunna kafin a ɗauko igiya ko ma'auni, ka ce, "Maigida, a dakata tukuna, a fara auna min." Ba raini ba ne, kuma wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Wane ƙarfe, wace walda?

Kaurin bangon bututun firam milimita biyu ne ko kusa da haka. Sandar walda geji 10, wadda ake haɗa ƙofar gida da ita, huda shi take yi, sai a bi ramin da ciko har wurin ya yi tudu. Tudun nan ba ƙarfi ba ne. Geji 12 da wuta kaɗan ya fi dacewa, waldar gas kuma a hannun wanda ya iya ta fi tausaya wa siririn ƙarfe.

Idan bututu ya karye, ba a haɗa baki da baki kawai. Ana zura guntun bututu a ciki ya ratsa karayar, a huda na waje a wurare kaɗan, a cike hudojin da walda don su kama na ciki. Kafin ɗinke tsagewa kuma ana kankare fenti har a ga ƙarshenta, a huda ɗan rami a nan don kada ta ci gaba da tafiya.

Abin da na fi ƙi a wannan sana'a shi ne liƙa rodin gini a jikin firam da sunan ƙarfafawa. Firam an yi shi ne ya ɗan ba da kai ko'ina daidai. Ka sandarar da wuri ɗaya, duk motsin sai ya taru inda rodin ya ƙare, sabuwar tsagewa ta fito a can, a gefen walda inda zafi ya riga ya canja ƙarfen. Bututun ruwa mai ruwan tutiya shi ma ba na wannan aiki ba ne: yana da laushi, kuma farin hayaƙin da yake fitarwa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki. Madarar da yaran shago ke sha bayan aiki ba ta kare huhu. A goge tutiyar, a yi aiki a fili.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. A sauke tanki a kai shi nesa, domin tankin da babu mai a ciki sai tururi ya fi cikakke saurin fashewa. A cire batir da na'urar wuta. A maƙala wayar ƙasa kusa da inda ake walda, kada wuta ta bi ta cikin boris ta ɓata shi. In an gama, kada a kwara ruwa don sauri. A bar ƙarfe ya huce da kansa.

Akwai kuma wanda ba ya gyaruwa. Wuyan da ya tsage zagaye, ko firam ɗin fallen ƙarfe da sukudireba ke shiga jikinsa, na 'yan gwangwan ne. Araha ba ta ado.

Ana gina firam daga farko kuwa?

Ana yi, kuma a Birtaniya tsohuwar sana'a ce. 'Yan'uwa biyu daga Belfast, Rex da Cromie McCandless, su suka tsara wa kamfanin Norton firam ɗin Featherbed, wanda Geoff Duke ya ci babban tseren tsibirin Man a kansa a 1950. An yi na tseren da bututun Reynolds 531 aka haɗa da waldar tagulla. Ya yi suna har matasa suka riƙa ciro injin Triumph suna ɗora masa, suna kiran abin Triton. Su gudu da riƙe kwana suke nema.

Namu maƙeran buƙata ce ta koya musu. A Kano, ƙungiyar waɗanda cutar shan-inna ta shafa, wadda Aminu Ahmad Tudun Wada ya daɗe yana jagoranta, tana da wurin ƙira inda ake haɗa kekunan guragu masu ƙafa uku. A garuruwan Arewa kuma ana ganin baburan da aka ƙara wa tayoyi a baya don mai lalurar ƙafa. Wannan ƙirar firam ce sosai, ko da ba a kira ta haka ba. Hannu akwai shi. Abin da ke ƙaranci shi ne bututu mai kyau, wanda sau da yawa sai an nemo daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, da kuma haƙurin yin magirki don aikin da mai shi ke tsaye yana jira.

Lambar shasi

A Zamfara babur ba abin hawa ba ne kawai a idon jami'in tsaro. A watan Mayun 2019 rundunar soja ta hana hawa babura a dazuzzukan jihohi bakwai har da Zamfara. A Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta taƙaita zirga-zirgarsu da dare, ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya. A irin wannan zama, babur ɗin da lambarsa ta goge ko ta saɓa da takarda yana iya jawo wa mai shi abin da ya fi asarar babur.

A yawancin babura a jikin wuya ake buga lambar, wato daidai inda wuta da injin gogewa suka fi kai wa. Ta zamani haruffa da alƙaluma 17 ce, tsarin da ya kankama daga 1981. Ta tsofaffi ta fi gajarta. Kafin a fara aiki a ɗauki hotonta da ta inji, a nuna wa mai walda inda take don ya kauce mata. Goge lamba ko buga wata laifi ne, ko da babur ɗin naka ne na halak. In kuma tsohon firam za ka saya ka mayar da injinka a kai, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar da sunan mai sayarwa da shaidu, sannan ka je ofishin lasisi a daidaita takardunka kafin ka hau titin Funtuwa zuwa Gusau, inda shingayen bincike suke.