Sao Tome: Maƙwabciyar da Mota Ba Ta Zuwa

Mu 'yan Gidan Katta, in aka ce iyaka, Kwanni ce ke faɗo mana a rai. Amma Najeriya tana da wata maƙwabciya can kudu, tsakiyar teku: Sao Tome da Firinsife, tsibirai biyu da aman wutar duwatsu ya samar. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 1,000 ne, bai kai na ƙaramar hukumarmu ta Illela ba, jama'arta kuwa sun ɗan haura 200,000. A kudancin babban tsibirin, ruwan saman shekara guda ya fi namu na shekara biyar.

Ba kowa a wurin sa'ad da Turawan Fotugal suka iso wajen 1470. Su suka kwaso bayi don noman rake, na farko-farkon da yawansu daga masarautar Binin. Cuɗanyar nan ta haifi harshen Forro. Galibin kalmominsa na Fotugis ne, amma masana suna jin Edo da Kikongo a yadda ake gina magana. Abin da ke ba ni tausayi, Fotugis ya mamaye makaranta da ofis har da cikin gida, Forro sai ja da baya yake yi a bakin yara.

A farkon ƙarni na 20 ba ƙasar da ta kai tsibiran nan fitar da koko, wanda ake yin cakulan da shi. Sun sami 'yanci a 1975, har yau koko da manja ne abin sayarwarsu. Shinkafa, fetur, siminti da magani kuwa, sai jirgin ruwa ya kawo. Mun ɗanɗana rufe iyaka a 2019 da 2023, mun ga yadda kasuwar Lahadi ta Illela ta yi sanyi, duk da haka mai babur bai rasa hanyar daji ba. Mutumin Sao Tome ba shi da wannan. In jirgi ya makara, sai haƙuri.

A 2001 suka ƙulla yarjejeniya da Najeriya kan man da ake zaton yana ƙarƙashin ruwan da ke tsakaninmu: kashi 60 namu, 40 nasu. Da sojoji suka yi juyin mulki a 2003, shugabansu Fradique de Menezes yana Abuja, shugabanmu na lokacin, Obasanjo, ne ya raka shi gida bayan an sasanta. Man dai har yanzu bai fara kawo musu kuɗin da suka sa rai ba.